Hular Kofur Isiyaku

Akwai yammacin da har gobe ba zai fita daga raina ba, a shekarar da aka buga gasar ƙwallon duniya a nan Doha. Ranar ce na ga an yi gwanjon abin da ba na sayarwa ba a gaban idona, da tafi da kabbara, kuma hannuna ne ya naɗe shi ya miƙa. Ku da kuka shigo aikin gadi bayanmu ba ku tarar da Saje Haladu ba, don haka bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

A lokacin kamfaninmu na tsaro ya tura ni wani babban otal a unguwar West Bay. Ga wanda bai san aikin ba, mai gadin otal wuri uku yake tsayuwa: ƙofa, ɗakin kallon kyamarori, ko zauren taro. Idan aka kawo kayan baje koli ko na gwanjo cikin zaure, kowane abu ana liƙa masa lamba, mai shi ya sa hannu cewa ya bayar, mai gadi ya sa hannu cewa ya karɓa. Daga nan abin ya fita daga hannun mai shi. Ba wanda zai ɗauke shi daga teburin sai wanda ya kawo rasit mai hatimin masu taron. An koya mana cewa mai gadi ba alƙali ba ne, lamba zai duba da hatimi, ya miƙa, ya ce na gode.

Ɗaki ɗaya muke kwana da Saje Haladu a masaukin kamfani. Dattijo ne baƙi, mai furfura a gefen kunne, ya yi ritaya daga soja da igiya uku bayan ya sha daji a yaƙin arewa maso gabas. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce masa Baba Saje. Shi kuwa ba ya kirana Nasiru sai in ransa ya ɓaci. Malam Soyayya yake ce mini, saboda ƙananan littattafan da na cika akwatina da su daga Kano, waɗanda nake karantawa har bangonsu ya ɓare.

"Malam Soyayya, yau wa aka raba da wa?" Haka yake tsokanata in ya dawo daga aiki. "Ka karanta mini inda attajirin yake kuka, in ji daɗi. Ni dai a duniya ban taɓa ganin irinsa ba."

A kwanakin korona, da aka kulle gari aka hana mu fita ko ƙofar masauki, zaman ɗaki ya sa kowa ya fara fito da abin da ke cikinsa. Wata rana da hantsi ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya ciro wani ƙulli na farin ƙyalle, ya kwance. Hular soja ce mai laushi, irin wadda ake karkatawa gefe, ta koɗe, da bajonta na ƙarfe, da wata huda ƙarama kusa da baki. Ya ce ta Kofur Isiyaku ce, yaronsa a bataliya. An yi musu kwanton ɓauna a kan hanya, Isiyaku ya faɗi kusa da shi, a can aka yi masa sutura. Matarsa Hajara ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Da Saje ya samu dawowa bariki ya tarar ta kwashe ɗansu Abba ta koma wajen danginta, lambarta kuma ba ta shiga. Haka ya yi ritaya, ya zo Doha, hular na ƙasan akwati.

Zaman kullen nan ne ya ba shi lokacin bin waya, daga matar wannan soja zuwa ƙanwar wancan, har ya same ta. Ina zaune a bakin gadona ranar da suka fara magana. Da ya gaya mata abin da ke hannunsa, sai ta ce, "Yaya Haladu, kar ka ba kowa ya kawo mini. Ka riƙe ta har ka zo da ƙafarka. Ko shekara nawa ne zan jira." Ni da na karanta labaran masoya iri-iri, ban taɓa jin kalmar da ta taɓa zuciyata kamar wannan ba. Na juya fuskata bango don kar ya ga idona.

Sai dai zuwan bai yiwu ba. Da farko jirage ne ba sa tashi. Da suka fara tashi aka ce hutu sai a bi layi. Kafin layi ya zo kansa kamfani ya fitar da sanarwa cewa babu mai gadin da zai tafi hutu sai an gama gasar ƙwallo. Ya haƙura, ya gaya wa Hajara cewa da an ɗaga kofi zai taho.

Yanzu sai in kawo muku Injiniya. Ɗan gida ne, yana aiki a wani kamfanin makamashi, yana zaune da iyalinsa a unguwar Madinat Khalifa, kuma shi ne shugaban wani kwamiti na 'yan arewa mazauna nan. Ba zan zalunce shi ba: lokacin kulle shi ne ya riƙa turo mana shinkafa da mai da dabino har ƙofar masauki, kuma da aka sassauta ya zo da kansa ya zauna a kan tabarmarmu. A wannan zuwan ne ya ga hular, ya ji labarinta, ya yi wa mamacin addu'a.

Ana saura 'yan makonni a fara gasa ya tara mu bayan sallar Juma'a a wani shagon shayi a kasuwar Souq Waqif, mu masu gadi da direbobi, ga kuma likitoci da malaman jami'a a kujerun gaba. Ya ce manyan mutane daga gida za su cika garin nan don kallon ƙwallo, bai kamata su zo su tafi ba a amfana da su ba. Kwamiti na son gina jerin shaguna a gida, kuɗin hayarsu ya riƙa zuwa ga matan sojojin da suka rasu a daji. Ya ce ya karanta yadda Turawa suka yi a lokacin yaƙin duniya: gwamnati kan kawo hulunan soja da takubba da tutocin da aka samo a fagen daga, a yi gwanjonsu, amma ba da kuɗin saye ake tayawa ba. Wanda ya yi alkawarin sayen takardun lamuni mafi yawa, wato ya ranta wa gwamnati kuɗi mafi tsoka don a ci gaba da yaƙi, shi ke tafiya da abin. Haka mu ma za mu yi. Kowa zai taya da yawan takardun lamunin kwamiti da zai ɗauka, a yi gini da kuɗin, bayan wasu shekaru a mayar wa kowa uwar kuɗinsa ba ruwa ko sisi.

Aka yi ta gyaɗa kai. Tsofaffin sojojin da ke cikinmu suka fara alkawari, wannan zai kawo bel ɗinsa, wancan gorar ruwa, wani lambar yabo. Sai Injiniya ya juyo, da kofin shayin karak a hannunsa, ya yi murmushi.

"Baba Saje, ai babban kaya yana wajenka. Hular nan ita ce za ta ɗaga taron."

Saje ya sunkuyar da kai. "Yallaɓai, ba tawa ba ce. Ajiya ce."

"Haba Baba Saje, kamar ba ɗan gida ba? Ka manta yadda muke yi a gidauniyar makaranta ko ta masallaci? A kawo rago, Alhaji wane ya saya ya ce na mayar, a sake tayawa, wani ya saya ya mayar, ƙarshe ragon ya kwana a gidan mai shi. Wane ɗan halak ne zai tafi da hular mamaci? Aro za ka ba mu na yini ɗaya. Kuma ka tuna don irin su matar tasa ake yin abin."

Idanun mutane duka suna kan dattijon. Na ga yana murza yatsunsa. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Aka tafa.

A bas ɗin komawa na kasa haƙuri. Na ce, "Baba Saje, me ya sa ba ka ce a'a ba? Ta ce fa kar ka ba kowa."

"Mutumin da ya ciyar da mu ranar da ko biredi ba mu iya fita saye, a gaban likitoci zan kunyata shi? Kai ma ka san yadda ake yi. Ba ka taɓa zuwa gidauniya ba?"

Na taɓa zuwa, ba sau ɗaya ba. A unguwarmu na ga an sayar da agogon bango ɗaya har sai da mai shela ya gaji, agogon ya koma bangon da aka ciro shi. Don haka na bar zancen, har na fara ƙawata abin a raina: wani attajiri mai farar zuciya ya saya, ya share hawaye, ya mayar, Saje ya kai wa Hajara hular tare da labarin yadda manya suka miƙe tsaye don mijinta.

Aka sa taron bayan la'asar, a tsakiyar kwanakin gasa, kuma a otal ɗinmu, domin Injiniya ya samu rangwame a nan. Sufabaizanmu, wani ɗan Kenya mai suna Mista Josef, ya ba ni teburin kaya, ya sa Saje a ƙofar zaure, taku kaɗan tsakaninmu. Da safe Saje ya kawo hular, aka liƙa mata lamba, ya sa hannu a inda kowa ke sawa, na sa nawa. Takardar ba ta da wurin rubuta aro. Ba wanda ya lura a cikinmu, don a zuciyarmu zancen ya ƙare tun a Souq Waqif.

Zauren ya cika. Ta gilashin bango kana hango teku yana ƙyalli da jiragen katako masu tutocin ƙasashe, a ciki kuma manyan riguna da ƙamshin turare. Mai gabatarwa wani matashin malami ne mai zaƙin baki, yana yi da Turanci yana juyawa Hausa. Aka fara da bel. Wani likita ya ɗauka, ya karɓi makirufo ya ce, "Na saya, na kuma mayar wa mai shi." Aka yi kabbara. Gorar ruwa ma haka, har sau biyu ana mayar da ita. Na kalli Saje a bakin ƙofa, ya ɗan ɗaga mini gira, wato ka gani ko.

Da aka zo kan hular na sa farar safar hannu na ɗauke ta a faranti na kai gaba. Mai gabatarwa ya fara labari. Ya ce Kofur Isiyaku shi kaɗai ya tare mutum ɗari. Ya ce ya bar amarya da tsohon ciki, ya cika yana kiran sunanta. Ko ɗaya ba haka Saje ya faɗa mini ba. Ni mai son labari ne, na yarda, amma a ranar na ji ƙyamar yadda ake yi wa mamaci ado da ƙarya don a buɗe aljihu, alhali gaskiyarsa ta isa ta sa mutum kuka.

Taya ta yi zafi, har aka bar mutum biyu. Ɗaya wani tsohon Bature ne da ke zaune a otal ɗin, ya shigo kallo abin ya ba shi sha'awa. Ɗayan wani Alhaji ne da ya zo daga Abuja kallon wasa, fari, mai ƙiba, da farar shadda da mutane biyu a bayansa. Ban so ganin Baturen yana ɗaga hannu ba, don na san shi bai san al'adarmu ba, in ya saya ya saya ke nan. Na riƙa addu'a a zuci Allah ya ba Alhaji. Ba ni kaɗai ba, duk 'yan gida da ke zauren Alhaji suke goya wa baya. Da Baturen ya girgiza kai ya sauke hannu, zauren ya ɗauki sowa kamar an ci ƙwallo. Na ga Saje ya shafa fuska da tafin hannu biyu.

Mai gabatarwa ya miƙa wa Alhaji makirufo, ya tsaya yana murmushi yana jiran kalmar da kowa ke jira. Alhaji ya yi sallama, ya yi addu'a ga sojoji, ya yabi kwamiti, ya ce ƙasa ba za ta manta da jarumanta ba. Sannan ya cire hularsa ya miƙa wa na bayansa, ya ɗauki ta Isiyaku daga farantin da ke hannuna ya ɗora a kansa, ya ƙame kamar soja. Wayoyi suka tashi sama, aka yi ta ɗaukar hoto. Ya mayar mini da ita faranti, ya ce, "A naɗe mini." Ya koma ya zauna.

An tafa, amma tafin bai yi ƙarfi ba. Mai gabatarwa ya wuce kaya na gaba.

Da aka tashi shan shayi na roƙi wani abokin aiki ya tsaya mini a tebur, na nufi Injiniya. Na same shi yana ta karɓar gaisuwa, fuskarsa kamar ango.

"Yallaɓai, bai mayar ba."

"Na gani, Nasiru, na gani. Ka kwantar da hankalinka."

"Ka je ka gaya masa aro ce. Kai ka ce aro ce."

Ya ja ni gefe ya rage murya. "Ka san abin da mutumin nan ya ɗauka? Kusan shi kaɗai ya ɗauke mana ginin. In na je yanzu na ce ya dawo da ita, ya ji an wulaƙanta shi ya janye, me zan ce wa sauran matan? Ka bari ya huce, zan bi shi a hankali."

"Yallaɓai, kuɗinsa fa rance ne, za su koma aljihunsa cif. Ita kuma hular in ta tafi, wace shekara aka sa za a mayar da ita?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kai aikinka gadi ne ko shugabancin kwamiti?" Ya juya ya kama hannun wani baƙo.

Na kira Mista Josef ta oba-oba ya zo. Na yi masa bayani da guntun Turancina. Mutumin kirki ne, ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko an rubuta aro a takardar karɓa. Na ce a'a, a wajenmu ba a rubutawa, kowa ya sani. Ya ce shi bai san wannan ba, otal ma bai sani ba. In rasit ya zo da hatimi, in bayar, kalas, wato magana ta ƙare. In na riƙe kayan baƙo a irin wannan lokaci da idon duniya ke kan garin, ba shi zai kore ni ba, kamfani ne zai sa ni a jirgi, kuma Saje ma ba zai tsira ba. Mutum ɗaya ne zai iya warware zancen, shi ne wanda ya saya.

Ban daɗe da komawa tebur ba sai ga Alhaji da kansa, da rasit a hannun na bayansa. Na rusuna na gaishe shi. Tun ina tsaye nake shirya kalmomi masu daɗi a raina, amma da na buɗe baki duk suka gudu, sai gaskiyar tsirara ta fito. Na ce masa matar mamacin tana raye, ɗansa yana raye, ba su ga gawarsa ba, wannan hular kaɗai ta rage musu, kuma an yi musu alkawarin kai ta bayan gasa.

Ya saurare ni da fara'a. "Allah sarki. Ka ga ai shi ya sa na dage, don kar Bature ya tafi da tarihinmu ƙasarsu. A falona zan sa ta cikin gilashi. Manyan ƙasar nan duk suna zuwa gidana, kowa zai gan ta ya yi masa addu'a. A ba yarana lambar matar, zan aika mata da wani abu."

"Ranka ya daɗe, ba wani abu take so ba. Ita take so."

Fara'ar ta ɗauke. "Kai ɗan wane gari ne? Ni na shiga ɗakin wani na ɗauko ta? Wa ya kawo ta gwanjo?"

Na nuna Saje, wanda ke tsaye a ƙofa yana jin komai, ba shi da ikon barin wurinsa. Alhaji ya taka zuwa gare shi.

"Baba, kai ka kawo hular nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"An tilasta ka?"

Saje ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya kwana a rami harsashi na wucewa ta kansa, na ga ya kasa haɗa ido da Alhaji. Ya ce, "Ba a tilasta ni ba. Amma amana ce, ranka ya daɗe. Na ɗauka za a mayar, kamar yadda aka saba."

"To ai ba ta faɗa hannun banza ba. Amanar ta dawo wajena, zan riƙe ta fiye da yadda ka riƙe a akwati." Ya dafa kafaɗarsa, ya juyo gare ni. "Yalla, samari, a yi sauri, muna da wasa."

Na duba lamba, ta yi daidai. Na duba hatimi, ya yi daidai. Mista Josef na tsaye a gefe yana kallona. Na naɗe hular a takarda mai laushi, na sa a kwalin otal mai ruwan zinariya, na miƙa da hannu biyu. Ƙa'ida ta ce in ce na gode. Wannan kam ban faɗa ba. Suka wuce ta gaban Saje, shi ne ma ya buɗe musu ƙofa, don aikinsa ke nan.

Washegari muna da aikin dare, don haka da safe muna ɗaki. Saje ya zauna a bakin gado da waya a hannu, yana ta juya ta, yana neman ta inda zai fara. Bai kai ga kira ba wayar ta yi ƙara. Hajara ce. Ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta a kan katifa.

Ta gaishe shi yadda ta saba, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi. Sannan ta ce, "Yaya Haladu, an turo wani hoto a zaurenmu na waya na matan bariki. Na ga wani mutum da hula irin ta Baban Abba, an rubuta sunansa a ƙasa. Ita ce?"

"Ita ce, Maman Abba."

"Sayarwa ka yi?"

"Wallahi ko sisi ban karɓa ba. Ce mini aka yi aro, don a taimaki irinku. Na ɗauka…"

"Na ce maka kar ka ba kowa."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu ko ta yi zagi, da ya fi sauƙi. Saje ya ce zai bi mutumin har Abuja, zai durƙusa masa. Ta ce, "Na riga na gaya wa Abba kawunsa zai kawo masa hular babansa in an gama ƙwallo. Kullum sai ya tambaye ni saura wasa nawa." Muna jin kukan akuya daga can gidan, ta ci gaba. "Mutumin da ke hoton ko sa ta bai iya ba, Yaya. Bajon a kan kunne ya bar shi. Baban Abba sai ya tsaya gaban madubi ya daidaita shi a kan ido kafin ya fita." Sannan ta ce kar ya wahalar da kansa ya biyo ta garinsu, hanyar ba kyau. Ta yi masa sallama ta kashe.

Injiniya ya ce ya kira Alhaji, ya ce ya sake kira, daga baya ya daina ɗaukar wayar Saje. Da aka gama gasa Saje ya tafi hutu. Ya je Abuja ya yini a ƙofar gidan, masu gadi irinmu suka ce masa mai gida ya yi tafiya. Duk da abin da ta ce, ya wuce garin su Hajara hannu wofi. Ya gaya mini ta aiko masa da ruwa da abinci zaure, ta gaishe shi daga bayan labule, yaron kuma ya tsaya yana kallon jakarsa har ya tashi. Bai dawo Doha ba. Ya aiko a haɗa masa sauran kayansa, ni na ɗaure akwatin.

Shagunan, an ce an gina su, kuma ina fata matan suna samun abin da aka yi alkawari. Amma har yau in na tuna raina tafasa yake. An ɗauko tsarin Turawa inda wanda ya taya yake tafiya da kaya, aka lulluɓe shi da al'adarmu ta na saya na mayar, ba a gaya wa kowa wanne ake bi ba. Masu kuɗi suka zaɓi wanda ya yi musu daɗi. Wanda ya ba da rance zai karɓi abinsa, ya samu hoto, ya samu gilashi a falo. Kyauta ta gaskiya a zauren nan mace ɗaya ce ta yi ta, ita kuma ba a tambaye ta ba, ba ta ma san ana yi ba.

Abin da na koya shi ne, takardarmu ta karɓar kaya ba ta san kunya ba, mutanenmu kuwa kunya ce ke sa musu hannu. Talakanmu zai ce to a gaban babba alhali zuciyarsa na cewa a'a, kuma manyanmu sun san haka sarai, shi ya sa suke roƙo a gaban jama'a. Don haka in ɗan gida ya kawo muku kaya tebur, kar ku karɓa a gaban wanda ya sa shi kawowa. Ku ja shi bayan ƙofa, ku biyu kaɗai, ku tambaye shi da Hausa: naka ne? In kayan nan ya fita ta ƙofar nan bai dawo ba, ka yafe? In kuka ga ya sunkuyar da kai yana murza yatsu, ku mayar masa da abinsa ya sa a aljihu, ku ce wa masu taro mai gadi ne ya ƙi karɓa. Ku bari a ji haushinku. Mu an saba jin haushinmu, kuma da shi ake biyanmu albashi.